Muhawara: yaya ake furta -ed a ƙarshen aikatau na Turanci?

Malamin Aji Biyar:
Assalamu alaikum. Malamaina da 'yan'uwa, ina neman a warware mini wata matsala da ta tsaya mini a rai tun makon jiya. Shekarata tara ina koyar da Turanci a makarantar firamare, kuma duk tsawon wannan lokaci, idan muka zo darasin shuɗaɗɗen lokaci, nakan rubuta walk da walked, look da looked a allo, in furta su "wokid" da "lukid", yara su amsa da ƙarfi har ajin da ke kusa da mu yana ji. Haka aka koya mini, ni ma haka na riƙa koyarwa. Ranar Laraba wata yarinya da aka sauyo mata makaranta zuwa wurinmu ta ɗaga hannu cikin ladabi ta ce, "Malam, a makarantarmu ta da, wokt muke cewa." Da na koma gida na kunna ƙamus na waya mai furta kalmomi, na saurara sau biyar, na tarar gaskiyar yarinyar ce. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne, da na danna wanted da needed sai na ji "id" ɗin nan tawa ta fito sarai. To ina iyakar take? Akwai ƙa'ida, ko kuwa kowace kalma haddace ta ake yi ita kaɗai?

Malamar Sakandare:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri da ka saurari yarinyar maimakon ka tsawata mata. Akwai ƙa'ida, kuma ba ta da tsawo. Rubutun ɗaya ne, furucin uku ne. Idan aikatau ya ƙare da sautin t ko d, ana ƙara gaɓa guda cikakkiya a ce "id", shi ya sa want mai gaɓa ɗaya yake zama wanted mai gaɓa biyu, decide mai biyu yake zama decided mai uku. Idan ya ƙare da p, k, f, s, sh ko ch, sai a furta t kawai ba tare da wani wasali ba, kamar a stopped, looked, missed, washed da watched. Duk sauran kuwa d ne: played, called, cleaned, begged, loved. Ni abin da nake yi wa ɗaliban da za su zauna jarrabawar WAEC shi ne in zana gida uku a allo, in sa su haddace haruffan gidan tsakiya, domin irin wannan tambaya tana fitowa a takardar gwajin furuci, inda za a ba ka kalma a ce ka zaɓi wadda take ɗauke da sauti iri ɗaya da ita.

Ɗalibin Kimiyyar Harshe:
Malama ta faɗi daidai, amma da izininta ina so in ja hankali a kan kalmar "haruffa", domin a nan ne yawancin ɗalibai suke faɗuwa. Ƙa'idar ba ta kallon harafin da aka rubuta, sautin da kunne ya ji take bi. Laugh ya ƙare da gh a takarda, amma f ne a baki, don haka laughed "laft" ne. Fix ya ƙare da x, wanda yake ks ne a furuci, sai fixed ya zama "fikst". Dance da hope da like duk e ce a ƙarshensu, amma ba a furta ta, sautukan ƙarshe su ne s da p da k. Climb kuwa b ɗinsa a kwance yake ba ya motsi, m ne sautin ƙarshe, shi ya sa ake cewa "klaimd". Yaron da ya haddace jerin haruffa zai rikice a kowace ɗaya daga cikin waɗannan.

Abin da yake ƙarƙashin ƙa'idar shi ne ziza. Malam, ka ɗora yatsu biyu a maƙogwaronka ka ja sautin farko na "sane", sa'annan ka ja na "zane". A na biyun za ka ji wurin yana karkarwa kamar waya a aljihu, a na farkon kuwa shiru. Haka bambancin yake tsakanin tara da dara, da tsakanin kaya da gaya. To t marar ziza ne, d mai ziza ne, kuma a wuri ɗaya harshe yake taɓawa wajen furta su, wato bayan haƙoran sama. Idan kalma ta ƙare da sauti marar ziza, maƙogwaro yana hutawa, sai ya zarce da hutunsa ya ba da t. Idan ta ƙare da mai ziza, wasula duka suna ciki, sai karkarwar ta zarce ta ba da d. Shi kuwa wasalin da ke cikin wanted da needed, an bar shi ne domin ya raba sautuka biyu da ake furtawa a wuri ɗaya, waɗanda in ba don shi ba da sun narke sun zama guda, a rasa alamar shuɗaɗɗen lokacin gaba ɗaya.

Wannan al'amari ba baƙo ba ne a wurinmu, naso muke kiransa a darasin Hausa. Muna rubuta "gidan Bello", amma bakinmu "gidam Bello" yake faɗa, muna rubuta "an ba shi" muna cewa "am ba shi", kuma babu wanda ya taɓa zaunar da mu ya ba mu jerin haruffa. Wanda ya yi tajwidi ma ya san iƙlabi, inda nunun "min ba'di" take juyewa ta koma mimun saboda ba'un da ke gabanta. Bambancin kawai shi ne a misalanmu sautin gaba ne yake rinjayar na baya, a -ed kuwa na baya ne yake rinjayar na gaba.

Malamar Sakandare:
Na karɓi gyaran, ƙanena, kuma misalin "gidam Bello" zan ɗauke shi zuwa aji. Sai dai ka sani cewa ajin da nake shiga ya haura ɗalibi tamanin, darasin kuma minti arba'in ne, takardar jarrabawar ma a rubuce ake amsa ta, ba a sa kowa ya buɗe baki. Jerin haruffan yana kai su gaci a mafi yawan tambayoyi, shi ya sa ban yar da shi ba.

Injiniya:
Ku gafarce ni, ni ina ganin ana wahalar da yara ne a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na yi aiki da Indiyawa da 'yan Sin da Turkawa a wuraren gini, kowa da irin Turancinsa, kuma ba a taɓa fasa zuba kankare don wani ya ce "fiksid" ba. Turanci ya daɗe da fita daga hannun mutanen Ingila. Su kansu ba su daidaita ba, na Ingila ya rubuta learnt da burnt, na Amurka ya rubuta learned da burned. Me ya sa Bahaushe ne kaɗai zai riƙa jin kunyar harshensa? Yaron da bai iya haɗa jimla ba, ba furucin t da d ne damuwarsa ba.

Ma'aikaciyar Jinya:
Injiniya, ranka ya daɗe, ina tare da kai a kan cewa babu abin kunya a karin harshenmu, amma ban yarda cewa maganar ba ta da nauyi ba. Ina aiki a wani asibiti a Ingila, kuma kafin in taho na zauna jarrabawar Turanci ta IELTS, inda furuci yake ɗaya daga cikin ma'aunai huɗu na ɓangaren magana. Wannan ma ba shi ne ya fi damuna ba. Matsalata ba ƙara "id" ba ce, yanke ƙarshen kalmar nake yi gaba ɗaya, domin na riga na ji cewa "stopid" kuskure ne, kuma bakina ya kasa haɗa p da t, sai in tsaya a stop. Wata safiya wajen miƙa aiki ga ma'aikaciyar da za ta karɓe ni, ina nufin in gaya mata cewa mun riga mun tsayar da ƙarin ruwan da ake yi wa wani dattijo, abin da ya fito daga bakina shi ne "we stop the drip at six". Ta dube ni ta tambaya, an tsayar ne tun shida na safe, ko kuwa za a tsayar da shida na yamma? Allah ya sa ta tambaya, kuma takarda tana nan ta raba gardama. Tun daga ranar na gane cewa wannan ɗan sauti shi ne yake ɗauke da abin da "mun" take ɗauke da shi a Hausa. Mu aikatau ɗinmu ba ya sauyawa saboda lokaci: mun tsayar, za mu tsayar, mukan tsayar, duk aikin yana kan 'yar kalmar da ke gabansa. Su kuwa sun rataye shi a wutsiyar kalma, daidai wurin da harshenmu ya fi rauni.

Ɗalibin Kimiyyar Harshe:
Yaya, abin da kika bayyana yana da tushe a tsarin gaɓar Hausa. Gaɓarmu iri uku ce: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali (ai da au), sai baƙi da wasali da baƙi ɗaya. Ba mu da gaɓar da baƙaƙe biyu suke cunkushe a farkonta ko a ƙarshenta, kuma mafi yawan kalmominmu da wasali suke ƙarewa. Dubi yadda muka yi da kalmomin aro: bread ya zama burodi, bench ya zama benci, bucket ya zama bokiti, court ya zama kotu, screw ya zama sukuru. Ke nan idan Bahaushe ya ci karo da "stopt" hanya biyu ce a gabansa, ko ya saƙala wasali ya raba baƙaƙen, kamar yadda Malam ya yi shekara tara, ko ya jefar da na ƙarshe, kamar yadda kika yi. Dukansu amsa ce ga matsala ɗaya.

Ga Injiniya kuma, akwai masaniyar da ta tsaya a kusa da ra'ayinsa. Jennifer Jenkins ta fitar da littafi a shekarar 2000 a kan furucin Turanci tsakanin mutanen da ba harshensu na gado ba ne, inda ta ware abubuwan da suke hana fahimta daga waɗanda ba sa hanawa. Daga cikin abin da ta nuna akwai cewa ƙara wasali a cunkoson baƙaƙe ya fi sauƙin illa a kan shafe baƙi, tun da mai sauraro yana iya gano kalmar idan duk sassanta suna nan. Saboda haka "fiksid" ɗin wurin gini ba ya ɓatar da kowa, amma "fiks" a maimakon fixed yana iya ɓatarwa.

Injiniya:
To ai ka ba ni gaskiya ke nan. A bar yara su ce "wokid".

Malamar Sakandare:
Bai ba ka duka ba, Injiniya. Akwai bambanci tsakanin babban mutum da harshensa ya riga ya ƙage, wanda za a ce masa ya ci gaba da abin da ake fahimta, da yaro ɗan shekara goma da yake ɗaukar duk abin da malami ya furta. Koya masa daidai da koya masa kuskure lokaci ɗaya suke ci. Sa'annan akwai ɓangaren ji: wanda ya saba da "misid" da "pasid", ran da ya ji mai karanta labarai ya ce "mist" ko "past" ba zai gane missed da passed ake nufi ba, domin furucinsu ɗaya ne da mist da past. Haka guessed da guest, banned da band, fined da find, allowed da aloud. Na sha ganin ɗalibai sun rubuta "he past the exam" a shifta, kuma kunnensu bai yi ƙarya ba, ba a dai taɓa gaya musu cewa kalmomin biyu sauti ɗaya gare su ba.

Tsohon Hedimasta:
'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma na ji daɗi ƙwarai. Ina da tambaya ga ɗana mai karatun harshe. Mu da muka yi makaranta a hannun malaman da, mun taso muna jin lauyoyi suna kiran junansu "my learned friend", suna furta learned da gaɓa biyu. Haka wicked, haka naked, haka beloved a wasu wurare. Bisa ƙa'idar da kuka kawo, ai wicked "wikt" ya kamata ya zama, tun da k ne kafin -ed. Shin ƙa'idar ce ta karye, ko mu ne aka koya wa ba daidai ba?

Ɗalibin Kimiyyar Harshe:
Allah ya ƙara girma, Baba. Daidai aka koya muku, kuma tambayar ta taɓo tarihin abin. Waɗannan kalmomi sifofi ne, ba aikatau ba, kuma sun riƙe tsohon furuci. A Turancin da, wasalin da ke cikin wannan ɗafa-ƙeya, wato -ed, ana furta shi, wato "wokid" ɗin Malam ya fi kusa da yadda kakannin Turawan suke faɗa ƙarnuka da suka wuce. A hankali wasalin ya riƙa faɗuwa a bakin jama'a, rubutu kuwa ya tsaya inda yake. Har ma an yi masu adawa da sauyin. Marubucin nan Jonathan Swift, a wata takarda da ya wallafa a 1712 yana neman a gyara harshen Ingilishi a kuma tsayar da shi, ya yi kuka da yadda ake taƙaita kalmomi irin su disturb'd da rebuk't da fledg'd, yana ganin an cunkusa baƙaƙe masu kaushi an ɓata harshe. Abin da ya kira ɓarna shi ne yau ƙamus yake kira daidai.

Sifofin da suka tsira da wasalinsu ba su da yawa: wicked, naked, crooked, rugged, ragged, wretched, sacred, da 'yan kaɗan. Wasu kuma fuska biyu gare su. Learned a matsayin aikatau gaɓa ɗaya ce, a matsayin sifar mai ilimi kuwa biyu ce. Haka aged da blessed. Wasalin yana kuma dawowa idan aka ƙara -ly, kamar a supposedly da allegedly da markedly. Waɗannan kam haddace su ake yi, Baba, babu wata dabara.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga kowa. Mu a Nijar da Faransanci muka fara, Turanci sai a kwaleji, kuma namu ciwon daban ne da na Malam. Faransanci ya saba mana da cewa baƙin ƙarshen kalma sau da yawa ado ne, ana rubuta shi ba a furta shi, kamar a petit da grand. Saboda haka idan muka ga played ko called, ido da kansa yake tsallake d ɗin. Ina so in san ko akwai hanyar da za a horar da baki, domin ƙa'idar na gane ta, aikatawar ce take gagara.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ɗan'uwa, ga abin da ya taimake ni, kuma wata abokiyar aiki ce ta nuna mini. Kada ka yi ta fama da kalmar ita kaɗai, ka haɗa ta da kalmar da ta fara da wasali, sai ka tura t ko d ɗin ya koma farkon ta gaba. Picked up ka ce "pik-tap", walked in ka ce "wok-tin", called us ka ce "kol-das". Ka ga yanzu kowace gaɓa ta koma baƙi da wasali da baƙi, irin wadda bakinmu ya iya tun muna goye. Masu harshen ma haka suke yi a maganarsu ta yau da kullum. Na yi makonni ina maimaita irin waɗannan a hanyata ta zuwa aiki, daga baya na fara cire kalmar ta biyu a hankali, t ɗin ya zauna da kansa.

Ɗalibin Kimiyyar Harshe:
Wannan dabara ta fi duk bayanin da na yi amfani. Zan ƙara abu biyu da za su kwantar wa Malam hankali. Na farko, rikicin da muke yi tsakanin p da f, da tsakanin v da b, ba ya taɓa wannan ƙa'ida ko kaɗan, domin p da f duka marasa ziza ne, v da b kuma duka masu ziza. Ko yaro ya ce "stoft" ya dai sami t ɗinsa, gyaran p darasi ne na wata rana. Na biyu, yaran Turawan ma ba da ita aka haife su ba. A 1958 Jean Berko ta gwada ƙananan yara a Amurka da kalmomin da ta ƙirƙira, irin su rick da mot da bod, tana neman su faɗi shuɗaɗɗen lokacinsu. Yaran sun iya cewa "rikt" duk da ba su taɓa jin kalmar ba, abin da ya nuna ƙa'ida ce a kansu ba hadda ba, amma sun fi yin tuntuɓe a motted da bodded, masu buƙatar ƙarin gaɓa. Wato abin da ya fi mana sauƙi shi ya fi ba su wuya.

Injiniya:
Na sauko daga rabin maganata saboda labarin asibitin, domin a wurin gini ma "we check the beam" da "we checked the beam" ba abu ɗaya ba ne, kuma na san abin da zai biyo baya idan aka ɗauki ɗaya a matsayin ɗaya. Amma ina nan a kan cewa kada a mayar da shi abin dariya ga wanda ya kuskure. Na ga manyan mutane masu ilimi sun yi shiru a taro saboda tsoron a yi musu dariyar furuci.

Malamin Aji Biyar:
Na gode muku baki ɗaya, Allah ya ƙara ilimi. Na jinkirta amsa ne domin in gwada tukuna. Jiya na shiga aji na gaya wa yara cewa akwai abin da na koya musu ba daidai ba, kuma 'yar'uwarsu ce ta ankarar da ni. Ban zana gida uku ba. Na sa kowa ya kama maƙogwaronsa muka yi ta jan "sane" da "zane" har suka ji karkarwar, sa'annan muka koma tafi: in faɗi want su tafa sau ɗaya, wanted sau biyu, look sau ɗaya, looked ma sau ɗaya. A nan aka yi ta kuskure, hannuwa suna son tafawa ta biyu, sai da muka maimaita sosai. Dabarar Malama ma'aikaciyar jinya ita ta fi saurin kama su, kafin a tashi har ina jin wasu a bakin ƙofa suna ta "pik-tap, wok-tin". Inda muka maƙale shi ne asked. Ni kaina na kasa fitar da s da k da t a jere ba tare da wasali ya kutso ba.

Ɗalibin Kimiyyar Harshe:
Allah ya gafarta Malam, wannan kalma ko masu harshen sukan sauƙaƙa ta. A magana mai sauri da yawansu k ɗin suke jefarwa su ce "ast", su bar t domin shi ne yake ɗauke da lokaci. Ka fara da yaran daga asked us da asked about, a raba su "ask-tas" da "ask-tabaut", idan kuma k ɗin ya ƙi fita a bar su su ce "as-tas". Helped da thanked da changed ma haka za a bi da su, amma ka ajiye su sai mako mai zuwa.